Labarin Zuciya, Wa Za a Tambaya?

Akwai karin maganar da na fi shekara goma ina faɗa a gaban makirufo ba tare da na taɓa tsayawa na dube ta da kyau ba: labarin zuciya a tambayi fuska. Tana da daɗin faɗa, tana rufe zance, kuma babu mai sauraron da zai bugo waya ya yi maka musu a kanta. Wata yarinya 'yar shekara tara a unguwarmu ta Yakite, nan Kilomita Biyar a birnin Bangui, ita ta sa na daina faɗarta, kuma har yau ba ta san ta yi hakan ba.

Ga yadda abin ya faru. Saura kwana uku ƙaramar Sallah, na tara yara goma sha biyu a zauren wani dattijo maƙwabcinmu domin in naɗi shirin yara da za a sa ranar Idi. Aka shimfiɗa tabarma biyu, na ajiye na'urar naɗar magana a kan wani ɗan benci daga gefe, saboda nan ne ƙarar babura ba ta kai sosai. Muka fara da kacici-kacici, sannan na shiga tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ina kwaikwayon tsamin bakin Gizo yadda kakata take yi. Yara suna ta kwasar dariya, har da masu kifewa. Ita kuwa wannan yarinya tana ƙarshen tabarma, ta kafe ni da ido, baki a ɗan buɗe, fuska ko gezau. In na kusa da ita ya yi magana sai ta juya kai gaba ɗaya ta dube shi, ta sake juyowa ta kafe ni. Ko ƙiftawa ba ta cika yi ba.

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban jama'a ya san yadda fuska ɗaya tak take iya ɓata maka taro. Mutum ɗari na tafi, kai idonka na kan wanda ya haɗe rai. Na ƙara wa labarin gishiri domin ta, ba ta motsa ba. Can sai raina ya sosu, na ce da ita cikin wasa, amma irin wasan da ke da ƙaya: "Ke kuma 'yammata, dole aka yi miki? In ba kya jin daɗi ai ƙofa a buɗe take." Zauren ya yi tsit. Wani ɗan babba a cikinsu ya ce, "Kawu, haka take." Na ɗauka yana nufin haka halinta yake. Na ce to Allah ya shirya, na ci gaba da Gizo.

Da dare na zauna tace shirin, na sa abin sauraro a kunne. Akwai wata dariya da ta fi ta kowa kusa da na'urar, siririya, mai ɗan shaƙewa a ƙarshe, kuma ita ke riga kowa farawa: tun Gizo bai ƙarasa ƙaryarsa ba ta gano inda ya dosa. Na yi ta tunanin wane yaro ne wannan mai kaifin basira. Na bi yadda suka zauna, ɗaya bayan ɗaya, har na kai ƙarshen tabarma inda bencin yake. Mutum ɗaya ne a wurin. Babu shakka kunnena ya ji wannan dariya a zauren, sai dai idona ya ɗauke ta ya raba wa waɗansu fuskoki. Na mayar da naɗin baya, na bi shi har inda na yi mata maganar ƙofa. Daga nan zuwa ƙarshe, kusan minti ashirin, dariyar ba ta sake fitowa ba.

Kashegari na je gidansu. Bayan gaisuwa na fara kame-kamen ban haƙuri, uwar ta katse ni: "Malam, kada ka damu kanka. Ba kai ne farau ba." Ta shiga ɗaki ta fito da wata takarda a ninke cikin leda, wadda wani likita ya rubuta mata shekarun baya a wani asibitin yara. Da Faransanci take, kuma kalmomi uku ne aka ja wa layi: syndrome de Moebius. Ta ce likitan ya yi mata bayani, ta gane rabi. Ni da na yi makarantar aikin jarida, ko rabin ban taɓa ji ba. Na kwafi sunan, na tafi nema.

A ƙasan ƙwaƙwalwa, daidai inda take haɗuwa da lakar gadon baya, akwai wani ɗan sashe da girmansa bai wuce na babban yatsa da yawa ba. Bari mu kira shi tushen ƙwaƙwalwa. Numfashi, bugun zuciya, haɗiya, farkawa daga barci, duk nan ake kula da su. Akwai kuma jijiyoyi tagwaye goma sha biyu da ke fita daga cikin ƙoƙon kai, goma daga cikinsu a wannan tushe suke tsirowa, kuma lamba likitoci suka ba su. Ta shida ita ke jan ƙwayar ido zuwa gefe, wajen kunne. Ta bakwai ita ke riƙe da naman fuska: ɗaga gira, rufe fatar ido, tsuke leɓe, murmushi, yatsina. Akwai yaran da ake haifa waɗannan jijiyoyi biyu ba su ginu ba, ko sun ginu a raunane. Wani likitan jijiyoyi na birnin Leipzig a Jamus, Paul Julius Möbius, ya yi rubutu a kan haka a 1888, sunansa kuma ya bi larurar. Ana ƙiyasta cewa tana samun yaro ɗaya cikin 50,000 zuwa ɗaya cikin 500,000, kuma ranar 24 ga Janairu, ranar haihuwar likitan, aka keɓe don wayar da kai a kanta. Da ita ake haihuwar mutum, ba ta ƙaruwa da shekaru, ba a ɗaukar ta, kuma a mafi yawan gidaje babu wanda ya taɓa yin ta a dangi. Wani lokaci takan zo da lanƙwasassar ƙafa ko tawayar yatsu. Yawancin masu ita hankalinsu daidai yake da na kowa.

Wannan ya bayyana mini duk abin da na gani a zauren. Juya kai gaba ɗaya, saboda idon ba ya zuwa gefe. Kafe mutum da ido, saboda jijiyar da ke buɗe fatar ido daban take kuma lafiyarta ƙalau, mai rufewa ce babu. Ku duba yadda hakan yake a al'adarmu. Yarinyar da ba ta iya satar kallo, ba ta iya harara, ba ta iya sakin fuska, sai dai ta dube ka tsaf. Abin da muke kira rashin kunya ke nan a wajen yaro, alhali ko ta so yin wani kallon ba ta da shi.

Uwar ta ba ni sauran labarin a hankali, tana tsince shinkafa. Da aka haife ta ba ta iya kama nono ba, domin tsotso aikin leɓe ne. Da cokali aka raine ta, ɗigo-ɗigo, dare da rana. In ta yi kuka murya na fita, amma fuskar tana nan a shimfiɗe kamar ba ita ke kukan ba, kuma wannan ya tsorata mutanen gida fiye da komai. Aka ce 'yar ruwa ce. Aka ce musanya aka yi. Aka tambayi uwar ko ta fita da almuru tana da ciki, ko ta zubar da ruwan zafi ba ta yi bismilla ba. Aka yi hayaƙi, aka sha rubutu. Har yanzu in rani ya shigo, ƙura ta tashi a titunan Kilomita Biyar, sai an bi ta da maganin ɗigawa a ido, kuma da ido a rabin buɗe take barci. Harafin da ke buƙatar haɗa leɓe ma yana ba ta wuya, b da ɓ da m da f, sai ta nemo su da harshe. "Baba" yakan fito kamar "Dada". "Mama" kuwa ya ƙi, shi ya sa gidan duka suka koma kiran uwar Inna, har da yayyen yarinyar da suka saba da Mama.

Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne wata magana da ta faɗa ba tare da ta ɗago kai ba. Ta ce, "Malam, kowace uwa da murmushi ake biyan ta. Ni na yi wata shida ina jiran a biya ni." Jariri yakan fara mayar da murmushi wajen mako shida zuwa wata biyu, kuma duk wanda ya yi reno ya san abin da wannan rana take yi wa mai jego. A shekarun 1970 wani masanin halayyar yara a Amurka, Edward Tronick, ya yi wani gwaji da ya shahara: a sa uwa ta yi wasa da jaririnta, sannan ta tsayar da fuskarta cak na ɗan lokaci. Cikin minti biyu jaririn ya rikice, ya yi ta ƙoƙarin jawo hankalinta, ya kau da kai, ya fashe da kuka. Wannan na minti biyu ke nan. Matar nan an juya mata gwajin, ita ce mai neman amsa, kuma ba a tsayar da agogo ba.

Saboda haka ba zan ce karin maganar magabata ƙarya ce ba. Da ƙarya ce da matar nan ba ta sha wahalar da ta sha ba. Bahaushe ya ɗora kaya masu nauyi a kan fuska, kuma yana da dalili. Shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma, in ji shi. In ana yabon mutum a ce yana da fara'a, in ana kushe shi a ce kullum fuska a murtuke. A ga fuskar wani a yafe laifi, a ce an yi don albarkacin fuskarsa. Munafuki ma da fuska muke auna shi, mu ce mai fuska biyu. A kasuwar Kilomita Biyar, inda mai sayarwa Bahaushe ne ko Bafulatani ko Balaraben Chadi, mai saye kuma Sango kawai yake ji, rabin ciniki da fuska ake yin sa kafin a kai ga lissafi. Fuska hanya ce mai sauri, kuma galibi tana kai mutum inda ya nufa.

Tambayata ita ce: me ya halatta mini in yanke hukunci da ita? Domin a zauren nan ban tsaya ga zato ba. Na ji shaidar fuska, na rufe shari'a, na zartar da hukunci a bainar yara goma sha ɗaya, duk cikin numfashi guda. Kuma shaidar da na dogara da ita, ko a kan masu lafiya ba ta da ƙarfin da muke ba ta. A 2006 waɗansu masana biyu, Charles Bond da Bella DePaulo, suka tattara sakamakon gwaje-gwaje sama da ɗari biyu da aka yi a kan iya gane maƙaryaci. Suka samu cewa mutane na canka daidai kashi 54 cikin ɗari. Wanda ya jefa kwabo sama yana samun kashi 50. Wani abin da suka gano, wanda a matsayina na ɗan rediyo ba zan ɓoye jin daɗinsa ba, shi ne mutane sun fi gane ƙarya in sun saurare ta a kan in sun kalle ta. Ashe fuskar da muke cewa a tambaya, ita ce ta fi iya rantsuwa a kan ƙarya. Ɗan damfara bai taɓa zuwa da fuska a ɗaure ba.

Mu mutanen wannan unguwa bai kamata a koya mana wannan ba. Bayan 5 ga Disambar 2013, lokacin da Bangui ta rikice kuma Kilomita Biyar ta zama tsibirin da ba a fita, an yi watanni ana karanta fuskokin mutane a shingayen hanya. Gemu, tabon goshi, tsawon hanci, hasken fata: da waɗannan ake yanke wa mutum addini da ƙabila da abin da ke zuciyarsa, kuma hakan ya faru a kowane ɓangare na shingen. Mu a Yakite muna bakin iyaka, mun ga wannan da idonmu. Na san akwai nisa mai yawa tsakanin wanda ya tsayar da mutum da adda da wanda ya gwasale yarinya a zaure, kuma ba ina haɗa nauyin laifin ba ne. Amma tunanin da ke ƙarƙashi iri ɗaya ne: na gan ka, saboda haka na san ka, ba sai na tambaye ka ba.

Akwai wata larurar ta wannan tushen ƙwaƙwalwa da ta kai tambayar maƙura. Ita ba haihuwar mutum ake da ita ba. Yawanci jini ne ke toshewa a babbar jijiyar da ke shayar da tushen, sai duk umarnin da ƙwaƙwalwa ke aikawa jiki ya yanke a hanya. Mutum yana ji, yana gani, yana tunani sarai, amma hannu, ƙafa, harshe da fuska duk sun tsaya. Abin da yakan rage shi ne ɗaga ido sama da ƙasa, da ƙiftawa. Likitoci biyu na Amurka, Fred Plum da Jerome Posner, suka raɗa mata suna a 1966, sunan da ma'anarsa ita ce wanda aka kulle a ciki. Wanda ya fi shahara da ita Bafaranshe ne, Jean-Dominique Bauby, babban editan mujallar Elle, wanda abin ya same shi ranar 8 ga Disambar 1995 yana da shekara 43. Fatar idonsa na hagu kaɗai ta rage masa. A asibitin Berck, bakin teku a arewacin Faransa, wata mata mai suna Claude Mendibil takan zauna gefensa tana karanto haruffa, an jera su daga wanda aka fi amfani da shi a Faransanci, in ta zo kan wanda yake so sai ya ƙifta. Harafi bayan harafi, haka aka rubuta littafi sukutum, Le Scaphandre et le Papillon, wato rigar ƙarfen masu nutso da malam-buɗe-littafi. Ya fito a watan Maris na 1997, marubucin ya rasu ranar 9 ga watan, kwanaki kaɗan bayan fitowarsa.

Kowa Bauby yake yabo, kuma ya cancanta. Ni matar da ke karanto haruffan nake yawan tunawa. Littafin yana cikin kansa tun farko. Abin da ya fito da shi shi ne an samu wadda ta yarda akwai mutum a bayan wannan fuska, ta kuma ba da watanni tana tambaya. Binciken da aka yi a kan masu wannan larura ya nuna cewa a fiye da rabin lokuta dangi ne ke fara lura cewa maras lafiyan yana sane, kafin likita, kuma akan ɗauki sama da wata biyu kafin a tabbatar. Ku auna: wata biyu kana kwance kana jin ana maganarka kamar gawa. A 2011 kuma masana a jami'ar Liège ta Beljiyam suka tambayi masu larurar da kansu yadda suke jin rayuwa. Cikin 65 da suka amsa tambayoyin duka, 47 suka ce suna cikin jin daɗi, 18 suka ce ba sa ciki. Sha takwas ɗin nan gaskiya ce mai ɗaci da ba za a share ba. Amma da fuska aka tambaya, da dukkan 65 an rubuta su a layi ɗaya.

Abin mamaki, malaman fiƙihu sun riga mu isa nan. In maras lafiya ya kasa tsayuwa ya yi salla a zaune, in ya kasa ya yi a kwance, kuma da yawa daga cikinsu sun ce in ya kasa komai ya yi nuni da ido, muddin hankalinsa na nan. Wato an ɗauki motsin fatar ido a matsayin cikakkiyar ibada ta cikakken mutum. Uwar yarinyar nan ta taɓa tambaya ta, da gaske take, ko 'yarta ta rasa ladan da aka ce ana samu in an yi wa ɗan'uwa murmushi, tunda an ce sadaka ne. Ni ba malami ba ne, na ce ta tambayi masu sani. Amma a raina na ce, addinin da ya karɓi ƙiftawa a madadin ruku'u, da wuya a ce ya rufe wa wannan yarinya ƙofa saboda wata jijiya da ba ita ta hana ta tsirowa ba.

To in fuska ta yi shiru, nauyin zance a kan wa yake komawa? Abin da muka saba shi ne mu ɗora shi a kan mai larurar. Ita za ta yi bayani, ita za ta nuna ba fushi take ba, ita za ta yi haƙuri da kallo. Kuma suna ɗauka. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Jami'ar Jihar Oregon ta Amurka, Kathleen Bogart, wadda ita ma da wannan larura ta Moebius aka haife ta, ta nuna a bincikenta cewa waɗanda aka haifa da shanyayyar fuska sukan mayar da abin da fuska za ta faɗa zuwa murya, hannu da motsin jiki, fiye da waɗanda abin ya same su da girma. Ta kuma samu cewa suna karanta fuskokin sauran mutane daidai da kowa. Wannan na biyun ya fi yi mini ciwo. Ma'anarsa yarinyar ta karanta tawa fuskar sarai a ranar nan. Ta ga lokacin da na fara haɗe gira, ta ga ɓacin ran da na lulluɓe da wasa. Ita ta iya harshena, ni ne ban iya nata ba, amma ni na kore ta.

Akwai aikin tiyata. A Asibitin Yara na Toronto a Kanada, likita Ronald Zuker da abokan aikinsa sun yi suna wajen ciro wani siririn nama daga cikin cinya su dasa a kumatu, su haɗa shi da jijiyar tauna, wadda yawanci lafiyarta ƙalau. Da farko yaron sai ya cije haƙora murmushin ke fitowa, a hankali ya saba. Aiki ne na sa'o'i masu yawa da ƙwararrun da ke ɗinke jijiya a ƙarƙashin madubin ƙara girma, kuma ga mai sayar da ƙosai a Yakite, labarinsa kamar labarin wata duniya ne. Ba na cikin masu raina shi. Yana taimaka wa leɓe wajen magana da riƙe abinci, kuma da 'yata ce, da hali, da na kai ta. Sai dai na kasa daina lura da inda aka sa wuƙar. Yarinya tana dariya tun asali. Mu ne ba ma gani. Amma ita za a kwantar a yanka, domin a fassara mana dariyar zuwa harshe ɗaya tilo da muka yarda mu koya.

Koyon nata harshen kuwa ba wani abu ne mai wuya ba, yaran unguwa sun riga sun iya. Na tambayi yaron da ya ce mini "haka take" yadda yake gane in ta ji daɗi, ya dube ni kamar na tambaye shi yadda ake gane rana ta fito. Ya ce ai kafaɗunta ke rawa. In ta yi fushi kuma sai ta dunƙule hannu ta sa a cinya, muryarta ta yi ƙasa. In tana tsokana, takan karkata kai hagu. Babu wanda ya zaunar da su ya koya musu. Sun yi wasan 'yar gala-gala da ita ne, sun yi faɗa, sun shirya, kuma ba su da karin maganar da za ta gaya musu inda za su duba. Manya ne ke tsayawa a fuska su ƙi gaba.

Na fi kowa cancantar in san wannan. Sana'ata gaba ɗaya a kan rashin fuska aka gina ta. Akwai tsofaffi a unguwar nan da suka shekara suna jin muryata ba su taɓa gani na ba, kuma in na shiga shiri da damuwa sai wata ta aiko a tambaya ko lafiya. Darasin farko da aka ba mu a ɗakin koyon gabatarwa shi ne mai sauraro yana jin murmushi. Na koyar da wannan ga ƙannena a aiki. Amma da aka ajiye ni gaban yarinya da ido biyu, sai na watsar da kunnen da nake ci da shi.

Saura maganar shirin. Na daɗe a daren nan da yatsa a kan madanni, ina shawarar abin da zan yanke. Dariyarta ba ta cikin shawara, ta zauna. Maganata ce matsalar. In na bar ta, na sake kunyata yarinyar a gaban duk garin ranar Sallah. In na cire ta, na wanke kaina, masu sauraro su ji Kawu mai fara'a da yara masu dariya, ba wanda zai san dalilin da ya sa murya ɗaya ta ɓace a tsakiyar shiri. Na cire. Na gaya wa kaina domin ta na yi, kuma akwai gaskiya a ciki, amma na san wanda ya fi cin ribar yankan. Wannan rubutu wani ɓangare ne na abin da na cire.

Bayan Sallah da kwana biyu na koma gidan da 'yar rediyota da naɗin shirin, domin uwar ta ce ranar Idi hayaniya ta hana su ji da kyau. Muka zauna a tsakar gida. Yarinyar ta gaishe ni, ta zauna nesa kaɗan, hannu a dunƙule a cinya. Na ce mata, "'Yata, ranar nan Kawu ya yi miki ba daidai ba. Ki yafe mini." Ta juyo da kai gaba ɗaya ta dube ni, ba ta ce komai ba. Na kunna. Gizo ya fara tsamin bakinsa, sai ga siririyar dariyar nan ta riga kowa. Na ga hannun ya buɗe. Ta juya wajen uwarta.

"Inna, ni ce."

"Na sani," in ji uwar, tana ci gaba da tankaɗe.

Da shirin ya ƙare ta ce tana da kacici-kacicin da ba ta samu ta faɗa ba ranar nan, ko za a sake naɗa. Na ce Asabar mai zuwa, zauren nan dai. Ta ce to a ajiye bencin a inda yake.